Yaron Da Bai Waiwayo Ba A Uke

Kimanin wata huɗu ke nan da na tafi Uke wajen sunan ɗiyar wata ƙanwata. Ga wanda bai san wurin ba, Uke gari ne a kan babbar hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Keffi, bayan an wuce Mararaba da Masaka. A takardar hukuma yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma da yawa daga cikin magidantan da ke kwana a can a Abuja suke wuni, domin tsadar haya ce ta turo su bayan gari.

Bayan an raɗa suna maza sun watse, na shiga cikin gida in gai da iyaye. Ina tsugune sai wata yarinya ta taho ɗauke da tulin kwanoni a faranti, ta yi tuntuɓe, suka zube a kan daɓen siminti. Ƙarar ta sa kowa ya zabura, jaririya ta tsala kuka, har kaji suka watse. Yaro ɗaya ne kaɗai bai motsa ba. Shekarunsa ba su wuce huɗu ba, yana can gefen rijiya ya ba mu baya yana tura motar gwangwani, ko kai bai ɗaga ba.

Na dubi kakarsa, wadda gwaggo take gare ni, na ce, "Gwaggo, yaron nan kuwa yana ji?" Sai ta yi dariya ta ce, "Kai dai ɗan jarida ba ka rasa abin tono. Miskili ne kawai. Ubansa ma sai da ya shekara uku kana ya buɗe baki. Ji kuwa yana ji sarai, in ya ga dama."

Uwar yaron ba ta ce uffan ba. Sai da na fito zan tafi ta biyo ni zaure ta ce, "Yaya, wallahi ni ma na daɗe ina zargin haka, tsoron faɗa nake yi." Ta ba ni labari cewa yana da wata 14 ya yi zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare, ya yi ta suma, har suka kwana bakwai a asibiti. Kafin wannan ciwo yana cewa Baba, yana cewa Mama. Bayan an sallamo su maganar ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Da ya shekara uku suka sa shi a wata makarantar rainon yara ta kuɗi, irin wadda ake ce wa nazare, kuma tun daga ranar ƙorafin malamarsa ɗaya ne, wai yaron ba ya jin magana. Bulala kuwa ya sha ta.

Mai karatu ya lura da wannan ƙorafi. Malamar gaskiya ta faɗa, ba tare da ta san ta faɗi gaskiya ba. Harshenmu ya haɗa ji da biyayya a cikin kalma guda, har ma mukan ce da yaro mai taurin kai yana da kunnen ƙashi. Saboda haka idan aka kira yaro bai amsa ba, abin da ke fara zuwa zuciyar babba shi ne raini, kafin ya tuna cewa kunne ma gaɓa ce da kan lalace kamar ido ko ƙafa. Shekara guda cur ana dukan wannan yaro a kan kiran da bai taɓa isa kunnensa ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a wannan fili shi ne, a sha'anin ƙananan yara jinkiri hasara ce wadda ba a cika mayar da ita ba. Masana sun tabbatar da cewa a cikin shekaru ukun farko ne ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin kama harshe. A 1998 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Jihar Kolorado ta Amurka a kan yara 150 masu raunin ji, aka ga waɗanda aka gano nasu raunin kafin su cika wata shida sun fi waɗanda aka gano daga baya iya harshe nesa ba kusa ba. A Amurka har ƙa'ida suka tsayar: a auna jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Mu kuwa a nan sai yaro ya shiga aji ɗaya na firamare, ko ma aji uku, sa'an nan wani malami mai lura ya ce, anya kuwa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu duka mun san karin maganar, amma a kan tarbiyya kaɗai muke kawo ta.

Ba kuma ƙaramin al'amari ba ne. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne a duniya ke da wata naƙasa, watau kimanin ɗaya daga cikin goma. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 daga cikin ɗari na raunin ji a wajen yara daga abubuwan da za a iya karewa yake tasowa. Abubuwan kuwa duk mun san su, domin baƙinmu ne na kullum: ƙyanda, da hangum, da ruwan kunne wanda aka bari ya daɗe, da shawarar da kan kama jariri a makon farko har idonsa ya yi rawaya, da doguwar naƙuda wadda kan sa jariri ya fito bai yi kuka ba, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau ƙwaƙwalwa, da wasu allurai masu ƙarfi da ake yi wa yara a shagon magani ba da umurnin likita ba. Uwa-uba sanƙarau. A annobar 1996 mutane fiye da dubu ɗari suka kamu a Nijeriya, fiye da dubu goma sha ɗaya suka rasu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya daga cikin biyar na waɗanda irin wannan sanƙarau ya kama yakan bar shi da wani tabo mai ɗorewa, kurumta na cikin na gaba-gaba. Haka nan ba mu manta da gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara ba, wadda ta kashe yara wajen 400, ta kuma bar waɗansu da raunin ƙwaƙwalwa. Duk yaron da ya tashi daga ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka ya kamata a auna jinsa da ganinsa tun kafin a gama yi masa barka.

To, me uwa za ta lura da shi? Jariri mai wata biyu zuwa uku yakan yi murmushi idan an yi masa wasa, yakan bi fuskar uwarsa da ido, yakan razana da ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara masu lafiya a ƙasashe da dama, ta ga kusan dukansu sukan zauna da kansu kafin su wuce wata tara, sukan kuma yi tafiya kafin wata 18. Idan yaro ya shekara guda ba ya gwalantu, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko ya shekara biyu bai iya haɗa kalma biyu ba, lalle a kai shi a duba. Wadda ta fi duka hatsari ita ce ta yaron Uke, watau yaro ya iya abu sa'an nan ya daina. Wajen ido kuma, farin ɗigo a tsakiyar ƙwayar ido, ko harara-garke da ta ƙi tafiya, ko dundumi, ba abin jira ba ne ko na mako guda.

Ina kuma gargaɗi game da gwajin gida. Wata uwa za ta buga kwano a bayan yaro, ya waiwayo, ta ce alhamdu lillahi yana ji. Alhali kuwa mai yiwuwa inuwar hannunta ya gani, ko iskar ta taɓa shi, ko kuwa yana jin babbar ƙara amma ba ya rarrabe sautin magana. Irin wannan ne Gwaggo ke nufi da cewa yana ji in ya ga dama. Na'ura ce kaɗai ke raba gardama.

Akwai kuma wani cikas da ya fi rashin na'ura, shi ne sunan da muke laƙaba wa abin. Yaron da wuyansa bai tsaya ba, jikinsa ya saki, yana dalalar da miyau, sai a ce ɗan ruwa ne, an musanya shi. A da har bakin rafi akan kai irinsu a ajiye, kuma ba zan rantse cewa an daina gaba ɗaya ba. Likitoci kuwa sun san wannan raunin ƙwaƙwalwa ne, sau da yawa daga wahalar haihuwa ko shawara, kuma gashi a asibiti tun da wuri yakan sa yaro da yawa ya zauna, ya riƙe cokali, wani ma ya taka. Yaron da ba ya haɗa ido da mutane, yana maimaita abu guda, yana toshe kunne in an yi hayaniya, sai a ce shafar aljanu ce. Kalmar galahanga kuwa mun mai da ita babban buhu, muna zuba matsaloli iri-iri a ciki waɗanda ba hanyar taimakonsu ɗaya ba. Ni ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. Abin da nake ƙi shi ne a shekara uku ana hayaƙi da turare ba a taka ƙofar asibiti ba. Na kuma san dalilin ɓoyewar, musamman idan yarinya ce: ana tsoron kada a ce gidan wane akwai abu, a ƙi auren 'yan'uwanta. Wannan tsoro ba na wauta ba ne, mutanenmu ne suka jawo shi da bakinsu, amma yaron ne ke biyan kuɗinsa.

Wane ne ke ganin yaro kafin ya shekara shida? Mutum uku ne: uwarsa, da ma'aikaciyar rigakafi, da malamin makarantar farko, ko ta nazare ce ko ta allo. A cikinsu ta tsakiyar ce muka fi yin sakaci da ita. Uwa takan kai jariri rigakafi bayan haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, da kuma wata 15. Sau shida ke nan yaro yana zuwa hannun ma'aikacin lafiya. Ana auna nauyinsa, ana ɗiga masa magani, amma da wuya a tambayi uwar ko yana waiwayowa in ta kira shi.

An riga an gwada wannan hanya a ƙasar nan. A Ikko, watau Legas, Dakta Bolajoko Olusanya da abokan aikinta sun koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya auna jin jarirai da wata 'yar na'ura a wuraren da ake yin allurar rigakafin tarin fuka. Sun buga sakamakon a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2008. Daga cikin jarirai 2,003 da aka auna, an sami 56 da raunin ji mai ɗorewa, watau 28 a cikin kowane dubu. Ba likitocin kunne ne suka yi awon farko ba, ma'aikata ne irin waɗanda ke zaune a ƙananan asibitocinmu na karkara. Dalilin da ya sa suka zaɓi wurin rigakafi kuwa shi ne yawancin jariran ba a asibiti aka haife su ba, kuma wannan dalili ya fi ƙarfi a Arewa. Fiye da shekara goma sha biyar ke nan da wannan bincike.

Kada a ce gwamnati ba ta rubuta kome ba. Wajen rubutu kam ba a bar mu a baya ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ware babi guda domin ilmin masu buƙata ta musamman, kuma a shekarar ce aka kafa kwalejin horar da malamansu ta Gwamnatin Tarayya a garin Oyo. Shekara guda ke nan kafin rahoton Warnock na Ingila na 1978, wanda ya ce yaro ɗaya daga cikin biyar zai buƙaci wani taimako na musamman a wani lokaci cikin karatunsa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da rainon ƙananan yara, manufar ilmi ta 2013 ta ƙara shekara guda ta share fage kafin firamare, a 2015 aka fito da manufa ta musamman a kan ilmin masu buƙata ta musamman, sa'an nan a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce kowace makarantar gwamnati, firamare ko sakandare ko ta gaba da su, ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin irin waɗannan ɗalibai. Sai dai tun 1977 gwamnati ta sakar wa 'yan kasuwa yawancin ilmin da ake bayarwa kafin firamare. A garuruwan da ke kan hanyar Keffi duk wanda ya sami ɗaki uku da allo sai ya buɗe nazare, ya ɗauki yarinyar da ta gama sakandare ya ba ta yara arba'in. Ban ga laifin yarinyar sosai ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa yaron da ke kallon bakinta ƙuri, ko mai kwaikwayon abin da na kusa da shi ya yi, wataƙila da ido yake sauraro.

Makarantu na musamman kuwa akwai su, kuma sun yi aiki. Ta makafi a Gindiri tun 1953 take. Ta Tudun Maliki a Kano ta yaye kurame da makafi masu yawa. A Abuja akwai ta kurame a Kuje da ta makafi a Jabi. A Lafiya akwai wadda Gwamna Umaru Tanko Al-Makura ya gina aka buɗe a 2018, shi da kansa kuwa bai ɓoye ba cewa zazzaɓin Lasa ya taɓa masa ji, kuma hakan bai hana shi mulkin jiha shekara takwas ba. Amma wace uwa ce za ta goya ɗan shekara biyu daga Uke ta ratsa cunkoson Mararaba da Nyanya ta kai shi Kuje kowace safiya? Waɗannan makarantu sukan karɓi yaro ne sa'ad da ya isa rabuwa da gida. Shekarun da suka fi tsada a tsakar gida suke wucewa.

Wani zai ce, to, in an gano fa, sai me? Talaka ina ya ga kuɗin na'urar ƙara ji, balle aikin dashe a cikin kunne wanda kuɗinsa miliyoyi ne? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Amma ribar farko ba ta buƙatar ko kwabo: a daina dukan yaron. Ta biyu, wasu matsalolin magani gare su, kamar ruwan kunne, da yanar ido da akan haifi jariri da ita, da ƙafar da ta lanƙwashe wadda ake miƙarwa da filasta tun yana jariri. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ta Ido, duka a Kaduna, ban da manyan asibitocin Keffi da Abuja da Gwagwalada. Ta uku, wadda na fi so a ji, ita ce harshe ba lalle sai ta baki ba. Hausawa suna da maganar hannu tun kafin zuwan makarantar boko, har a Kano akwai sarautar Sarkin Bebaye, kuma wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafi a kan wannan harshe a 2000. Yaron da ya sami maganar hannu yana da shekara ɗaya ko biyu ƙwaƙwalwarsa tana samun abincinta, yana tambaya ana ba shi amsa, kuma wannan ba ya hana shi koyon magana in yana da sauran ji. Wanda aka bari ba baki ba hannu har shekara bakwai, shi ne ake ce wa dolo daga baya, alhali da hankalinsa aka haife shi.

Saboda haka abin da nake roƙon hukumomin lafiya matakin farko na Abuja da Nasarawa da sauran jihohi ba babba ba ne. A ƙara tambayoyi uku ko huɗu a katin rigakafi, a kuma ajiye na'urar awon ji ko da guda ɗaya ce a kowace ƙaramar hukuma. Ma'aikatun ilmi kuma kada su ba nazare takardar izini sai malami ɗaya a cikinta ya yi kwas na 'yan kwanaki a kan waɗannan alamu, a kuma gayyaci malaman allo da na Islamiyya, domin yaran da ke gabansu sun fi na nazare yawa.

Shi kuwa yaron Uke, sai da muka yi mako uku muna lallashin uban kafin ya yarda, domin cewa ya yi ana so a jawo wa ɗansa baki. Daga bisani muka kai shi wani babban asibiti a Abuja, aka yi ta ɗaga mana rana har sau biyu, wai na'urar ta lalace. Da aka auna aka ce kunnen dama ya mutu, na hagu kuwa da sauran ji kaɗan wanda na'ura za ta iya ƙarfafawa. Likitar ta tambayi uwar me ya sa ba a kawo shi ba tun da ya tashi daga sanƙarau, ta ce, "Likita, ba wanda ya ce mu kawo shi."

Na je na sami malamar da takardar asibiti a hannuna. Da ta karanta sai ta yi shiru, ta daɗe ba ta ɗago kai ba. Yanzu ta mai da shi layin gaba, tana fuskantarsa in za ta yi magana, tana taɓa kafaɗarsa maimakon ta ɗaga murya. Akwai wani kurma mai ɗinkin takalma a bakin kasuwar garin, shi ne ke zuwa gidan da la'asar sau biyu a mako yana koya wa yaron da uwarsa maganar hannu. Da na koma ranar Lahadin da ta wuce na iske Gwaggo da kanta tana yi masa alamar ruwa da ta tuwo, tana kuskurewa yana gyara mata hannu. An ba su rana a watan gobe domin a gwada masa na'urar. Kuɗin bai cika ba tukuna, dangi ana ta karo-karo, Gwaggo ma ta ce a kai akuyarta kasuwar Keffi.